Turbo a mazaunin salansa: zai yi wa tsohuwar Hilux mai injin 3L?

Ɗan Kalgo: Assalamu alaikum 'yan gida. Iyayenmu da ogogin gareji, ina neman shawara kafin in taɓa komai. Ina da Hilux tsohuwar yayi mai injin gas, 3L, wato 2.8 marar turbo. Shanshera nake kwasowa daga fadama zuwa injinan casa, lokacin albasa kuma in koma Aliero. Injin lafiyarsa lau, ba ya shan baƙin mai, ba ya obahitin. Amma da an yi mata lodi, ɗan hawa kaɗan sai na dawo giya biyu, hayaƙi baƙi ƙirin a bayana, 'yan kabu-kabu na ta yi min daƙuwa. Na samu turbo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa ta tura wa inji ƙarin iska, na Beljiyam da araha, wanda aka cire daga injin 4D56 na Mitsubishi L200. Manifol, wato ƙarfen da ke tattaro hayaƙi daga inji, wanda zai ɗauke shi a gaba ne ba ni da shi. Na ga bidiyon wasu a Amurka suna cire tukunyar salansa su ɗaura turbo a wurinta, can ƙarƙashin bodi, su jawo bututun iska zuwa inji. Na ce wannan ai aikin mai walda ne da fayif. Zai yiwu a nan? Me zan saya, me zan iya haɗawa da hannu? Aljihun ba nauyi, gara in faɗa tun yanzu.

Direban Aliero: Wa alaikumus salam. Kai dai ka ce kana son ka riga mu shiga kasuwar Jega, ba sai ka yi ta kewaye-kewaye ba.

Baba Makaniki: Wa alaikumus salam ɗana. Tambaya guda kahin komi. Buhu nawa kaka ɗora mata? Motag ga tan guda anka yi ta ta ɗauka, ko ƙasa da haka. In kana aza mata tan biyu, ba turbo ad damuwarka ba.

Ɗan Kalgo: Baba, Allah ya ƙara girma. Ba zan yi maka ƙarya ba, tana wuce tan ɗaya. An ƙara mata sifirin.

Baba Makaniki: Na sani. Duk an ƙara musu sifirin, ba a ƙara musu birki ba. Ci gaba, muna saurare.

Injiniya: Salam. Abin da ka gani ba wasan yara ba ne, yana aiki. Wani kamfani a jihar Utah ta Amurka, STS, shi ya yi suna da wannan tsari, ya sayar wa masu a-kori-kura da manyan motocin fetur da yawa. Dalilinsu shi ne gaban motar ya cushe, babu wurin sa turbo, ga zafi. A baya kuwa wuri a sake. Amma bari in fara da abin da zai amfane ka, sannan a zo kan wahalar.

3L ɗinka bai kai doki 100 ba tun yana sabo. Baƙin hayaƙin da kake gani gas ne da bai sami isasshiyar iskar da zai ƙone ba. Ga kuma zafinmu: iskar da ke da digiri 42 a watan Afrilu ta fi ta digiri 20 sakayau da kusan kashi 7 cikin 100, saboda haka da rana tsaka injin ya fi yin sanyin jiki. Nauyin iskar da muke shaƙa kusan psi 14.7 ne, da irin ma'aunin da masu faci suke gwada taya. In turbo ya ƙara psi 7, a lissafi ka ƙara wa injin kusan rabin iskar da yake sha. A aikace ba ya kaiwa rabin, domin iskar da aka matsa tana yin zafi. Ko ba ka taɓa famfon gas ba, hayaƙin zai ragu, injin ya ɗan huce. Wannan shi ne kyawun injin gas a wannan harka. Kada ka wuce psi 6 zuwa 7. Matsin silindar 3L 22.2 ne bisa 1, kuma yana da ƙananan kofunan ƙona mai a cikin top silinda waɗanda zafi ke tsagawa. Ko injin 2L-T da Toyota ta yi wa turbo daga kamfani an san shi da tsagewar top in ya sha zafi.

Mai Walda Argungu: Injiniya, ni abin da ban gane ba, fayif daga bayan mota har gaba ai ya kai mita huɗu. Kafin iska ta cika shi ai direba ya gama hawan.

Injiniya: Oga, kowa wannan yake fara tsoro, amma mu yi lissafi. Fayif mai inci 2, tsawon mita 4, cikinsa kusan lita 8 ne. Injin 2.8 a juyi 2000 a minti yana zuƙar abin da ya kai lita 40 a daƙiƙa ɗaya. Ka ga cika fayif ɗin ba ya ɗaukar ko rabin daƙiƙa. In ka yi zari ka sa inci 3 ne zai koma lita 18, ba tare da wani amfani ba. Jinkirin gaske daga ɗaya ɓangaren yake zuwa. Turbo ba gudun hayaƙi kaɗai ke juya shi ba, zafinsa ne ƙarfinsa. Hayaƙin da ya bar manifol ya yi tafiyar mita uku a cikin siririn ƙarfe, iska na dukansa, ya huce ya takure kafin ya iso. Injin gas kuma dama hayaƙinsa bai kai na fetur zafi ba in ba a cikin lodi yake ba.

Mai Walda Argungu: To na gane. Hayaƙin kamar tuwo ne, da zafinsa ake so, in an kai shi unguwa mai nisa sai dai a ci da haƙuri.

Injiniya: Haka ne. Shi ya sa turbo na baya ake zaɓar ƙarami. Na 4D56 an yi shi ne don injin 2.5, saboda haka a kan 2.8 ya ɗan yi ƙanƙanta, kuma a wannan tsari hakan alheri ne. Da na Kanta ya samo da na ce ya mayar.

Ɗan Kamba: Ɗan Kalgo, ka duba kayan da kyau kuwa? Ni sana'ata ce sayar da su, na san abin da ke zuwa a buhu. Ka kama ƙarfen tsakiya da yatsa biyu ka girgiza. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, domin baƙin mai ne ke cike gurbin in inji na aiki, amma kada farfelar ta taɓa jikin gidan. Gaba da baya kuwa bai kamata ka ji yana motsi ba. Ka haska tocila ka ga haƙoran farfela, in sun ci ko sun gutsure ya sha ƙasa. Ka duba bakin 'yar ƙofar nan da ke sakin hayaƙi in matsi ya yi yawa, nan yake tsagewa. Sai ka sa famfon keke a tiyon 'yar tukunyar da ke buɗe ƙofar ka hura a hankali, ka ga sandar tana motsi, kuma a psi nawa take fara buɗewa. Kada ka kai wa mai faci ya danna mata iskar kwamfuresa, za ta fashe.

Ɗan Kalgo: Na gode Alhaji. Na girgiza, gefe da gefe kaɗan ne, gaba da baya shiru. Haƙoran lafiya. Famfon keken ne ban gwada ba, zan ari na ƙanena.

Baba Makaniki: Duk kun yi magana mai kyau, amma ba wanda yat taɓo wurin da ka kashe inji. Baƙin mai. Turbo yana juyi sama da dubu ɗari a minti, bisa baƙin mai yaka kwana. In yana gaba, bisa inji, mai ya shiga ta sama ya gangaro da kansa ya koma botom filet, wato kaskon mai na ƙasan inji. In kun kai shi ƙarƙashin bodi, ya yi daidai da botom filet ko ya fi shi ƙasa. To ta ina mai za ya koma? Ba ya hawan tudu. Dole sai an sa famfon lantarki da za ya riƙa kwashe shi yana turawa gaba. Ranar da famfon nan yat tsaya, ko fiyus ya ƙone, ko waya ta tsinke a gargada, mai za ya cika turbo ya tsallake rin ya shiga fayif ɗin iska. Direba bai san komi ba, yana sauraren rediyo.

Injin fetur in hakan ta faru hayaƙi za ya yi, fulogi su jiƙe, ya mutu. Injin gas kuwa shan baƙin mai yakai kamar gas. Na ga wanga abu da idona a kan wata babbar mota da turbonta ya lalace. An tada ta da safe a gareji, yaro ya ɗan taka totur, sai injin ya kama kuka yana ƙara sama. Ya cire ƙafa, bai sauka ba. Ya kashe makulli ya zare shi yana nuna muna a hannu, injin na ta ihu. Farin hayaƙi ya rufe gareji har ba ka ganin na kusa da kai, mai shayi ya bar tukunyarsa ya ruga. Sai da wani ya fizge tiyon iya kilina munka kifa guntun katako a bakin, sannan ta shaƙe ta mutu. Ko da munka buɗe, fistin biyu sun tafi. Wannan fayif ɗinta gajere na. Naku mai mita huɗu, kwance a ƙasa, kwalba nawa ta mai za ya tara kahin ya aika wa inji gaba ɗaya?

Direban Aliero: Innalillahi. Baba ka sa na ajiye kofin shayina.

Injiniya: Baba ya faɗi gaskiya, kuma wannan ita ce babbar magana a duk zancen. Waɗanda Ɗan Kalgo ya gani a bidiyo yawancinsu injin fetur ne. A kan gas haɗarin ya fi. Wanda duk abin ya taɓa samu a hanya: a taka birki da ƙarfi, a sa giya mafi girma, a saki kuloci, injin ya shaƙe. Ko a toshe bakin iska da katako ko faranti. Ban da tafin hannu, ban da tsumma, zai zuƙe.

Rewaya Jega: Salam. Tunda an zo fagena bari in sa baki. Ana iya rage haɗarin sosai in an yi wayarin na hankali. Famfon dole ya zama mai haƙoran ƙarfe, na 12V, wanda aka yi don baƙin mai mai zafi, domin man da ke fitowa daga turbo yana haura digiri 100 kuma da kumfa yake fitowa. Famfon fetur na cikin tanki ba zai yi ba. Famfon feshin gona mai roba a ciki shi ma ba zai yi ba, sati ba zai kai ba. Na faɗi wannan ne don na san halinmu, wani zai ce ga na injin feshi a gida.

Wuta ta fito daga batir kai tsaye ta rile da fiyus nata, kada a jingina ta da wayar fitilar baya. Famfon ya tashi da zarar an murɗa makulli, kafin inji ya tashi. In an kashe mota ya ci gaba da aiki kamar daƙiƙa 30 ya kwashe abin da ya rage, akwai rile mai lokaci da ke yin haka. Sannan a sa ƙararrawa da jar fitila a dashbod. Amma fitilar da ke nuna wuta na zuwa famfo ba ta wadatar ba, famfo na iya samun wuta ya ƙi juyawa. Ni na fi son a yi ɗan ƙaramin tanki a ƙarƙashin turbo, mai ya fara zuba ciki, a sa masa filota. In mai ya taru ya ɗaga filota, ƙararrawa ta yi kuka, direba ya kashe nan take.

Mai Walda Argungu: Tankin ni zan iya yi, ba wuya. Lita ɗaya ya isa?

Rewaya Jega: Ya isa. Ka bar masa ɗan numfashi a sama da siririn tiyo da zai hau can sama, kada ƙura ta shiga. Kuma ka lura da tsayinsa daga ƙasa, kada ya zama shi ne farkon abin da kunyar gona za ta daka.

Injiniya: Ƙari a kan na Rewaya: layin da ke kai mai baya ana ɗaukarsa daga wurin suwic ɗin fitilar mai, a sa mahaɗa mai baki uku. A yi shi da fayif ɗin ƙarfe ko tiyon haidirolik, a ɗaure shi a jikin shasi nesa da salansa da farfelar da ke juya tayoyin baya. Kusa da turbo a sa bawul mai hanya ɗaya mai ɗan sifirin, domin in mota ta kwana, man da ke cikin dogon layin kada ya tsiyaye cikin turbo. In babu shi, kullum da safe sai shuɗin hayaƙi. Layin dawowa ya fi na zuwa faɗi, ya zuba ta murfin sama ko a jikin botom filet sama da inda mai yake tsayawa. Akwai kuma tiyon numfashin inji da ke fita daga murfin sama ya shiga hanyar iska. Yanzu hanyar nan za ta kasance da matsi, in ka bar shi a nan turbo zai hura cikin injin, sil-sil su fara yoyo. A cire shi a kai shi gwangwanin tara mai.

Hajiya Mai Shinkafa: Assalamu alaikum. Ni ba makanika ba ce, amma ina da motoci biyu a hanya kuma ni ke biyan kuɗin gyara, saboda haka ina da ta cewa. Ɗana, ɗauki biro. An ce famfo na musamman, rile biyu, filota, tanki, bawul, tiyon haidirolik zuwa da dawowa, fayif mita huɗu, kuɗin mai walda, kuɗin rewaya. Duk wannan don ka kauce wa sayen manifol ɗaya? Ka tambayi kuɗin manifol ɗin kuwa?

Ɗan Kamba: Hajiya ta riga ni. Injinan L 'yan gida ɗaya ne, manifol ɗin 2L-T yana hawa kan 3L da 5L, mutane da yawa sun yi. Sunan turbonsa CT20. In aka dace a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ana samun manifol da turbo da bututan mai a haɗe. Mai ya gangara da kansa, babu famfo, babu filota. Famfon da Rewaya ke magana kuwa ba kayan da ake ajiyewa a shago ba ne a nan, sai an yi oda, kuma da dala ake lissafinsa. Ina tabbatar maka zai fi turbon da ka saya tsada.

Ɗan Kalgo: Hajiya, Allah ya saka. Na tambaya a Birnin Kebbi ban samu ba, wanda ya ce zai kawo min daga Legas kuma kuɗin da ya kira sai da na zauna. Kuma bakin turbona ba irin na CT20 ba ne.

Mai Walda Argungu: Wannan ba matsala ba ce. Masu tona, wato masu injin yanka ƙarfe, za su yanka maka faranti mai kauri, gefe ɗaya ya dace da manifol, gefe ɗaya da turbo. Kai, ko manifol ɗinka na yanzu ma ana iya barinsa, a yi ɗan gajeren fayif mai lanƙwasa daga bakinsa ya ɗago turbo sama kusa da inji. Fayif mai kauri, a yi masa ƙafa a jikin inji don kada nauyi ya karya shi.

Direban Aliero: Ni fa ina bayan Ɗan Kalgo. Duk wanda ya buɗe bonet a Kamba da azahar a watan Afrilu ya san abin da ake nufi da zafi. Ka ƙara dunƙulen ƙarfe mai ja a ciki, kusa da tiyo da wayoyi? A baya ai yana shan iska. Kuma an ce dogon fayif ɗin yana sanyaya iskar, ba sai an sayi intakula, wato lagireton sanyaya iska, ba.

Injiniya: Yana sanyayawa, amma kada a zuzuta. Iskar digiri 40 in turbo ya matsa ta zuwa psi 7 tana fitowa kusan digiri 95. Fayif ɗin alminiyom a ƙarƙashin mota zai rage wani abu in ana gudu. In ana rarrafe da lodi a giya biyu, kwalta na tururi, salansa na gefe, abin da zai rage kaɗan ne, kuma a lokacin ne aka fi bukata. Zafin cikin bonet kuma faranti ke maganinsa, motocin da suka zo da turbo daga kamfani duk a nan yake.

Baba Makaniki: Direba, a Amurka kwalta suka bi. Shi wanga fadama zai shiga. Da damina ruwa har cibiyar taya, wani wuri ya fi. Turbo ya yi zafi ka tsoma shi cikin ruwa, gidan ƙarfen ya tsage. In bakin iskar na ƙasa ya zuƙi ruwa, kon rod ta lanƙwashe nan take, injin gas ba ya yafe ruwa. Da rani kuma ka tsaya bisa tattakar shinkafa ana lodi, ƙarfe mai zafi taƙi ɗaya daga busasshen bambaro. Ka ƙone motarka ka ƙone wa mai gona tarinsa. Ban ma zo kan ƙurar hunturu ba, wadda tayar baya ka tadawa daidai inda kuka son aje iya kilina.

Mai Walda Argungu: Iya kilina dai ba za ta zauna a ƙasa ba ko ni zan yi aikin. Sai a huda bodi a fito da fayif ta bayan kan mota, a ɗaga shi sama da rufi, a sa babbar iya kilina irin ta Kanta ko tarakta mai kofin tara ƙura. Asarar wurin buhu ɗaya ke nan.

Hajiya Mai Shinkafa: Ka ji ko? An zo ƙara ƙarfi an fara da rage buhu. Araha ba ta ado, ɗana.

Ɗan Zuru: Afuwan, in ɗan ratsa. Tawa Hilux ta fetur ce, 2.7, 2TR. Mu nan hawa ne ko ta ina. Ni zai yi min?

Injiniya: Naka wani karatu ne daban. Gas in ka ƙara masa iska ba ka ƙara mai ba, sanyi yake yi. Fetur in ka ƙara iska ba ka ƙara mai ba, fistin ke narkewa. A tafiyar yau da kullum yana son iska 14.7 bisa fetur 1, a ƙarƙashin matsi kuma sai an sauko wajen 12 ko ƙasa kaɗan, a kuma ja lokacin wuta baya. Wannan aikin kwamfutar mota ne da manyan nozul, ga shi fetur iri ɗaya ne a gidajen manmu, babu mai daraja ta sama da za ka saya. Ka buɗe sabon zance a kansa, kada mu cakuɗa.

Ɗan Zuru: To, na ji. Na fasa ma.

Ɗan Kalgo: Na karanta duka sau biyu. Abin da Baba ya faɗa na injin da ya ƙi mutuwa ya tsaya min a rai. Amma ina da tambaya. In ba can baya ba, ba kuma cikin bonet ba, a tsakiya fa? Daidai bayan giyabos, ƙarƙashin kujera. Hayaƙi bai huce ba, fayif ya gajarta.

Injiniya: Ya fi na baya ta fuskar jinkiri, ƙwarai. Mita ɗaya maimakon uku. Amma famfo na nan daram, domin har yanzu turbo bai hau saman botom filet ba. Ka rage matsala ɗaya, babbar tana nan. Ga zafi a ƙarƙashin mazauninka.

Rewaya Jega: Akwai masu raba shi da injin gaba ɗaya, su yi wa turbo tankin mansa da famfonsa da 'yar lagiretonsa. Amfaninsa, in layi ya fashe injin ba zai rasa mai ba, kuma abin da zai iya shiga fayif bai wuce abin da ke tankin ba. Amma in famfon ya tsaya, turbo ya ƙone cikin daƙiƙoƙi. Kuɗi kuma ya ƙaru.

Baba Makaniki: Ko lita guda ta isa ta haukata 3L. Ɗana, ga tawa shawara, ka ɗauka ko ka bari. Kahin ka sayi ko ƙusa, kai nozul ɗinka a gwada a saita, a duba taimin ɗin famfo, a canza iya kilina, a wanke lagireto a duba kulocin fanka. Rabin motocin da aka kawo min ana kukan ba ƙarfi, nan ciwonsu yake. In bayan haka kana son turbo, a aza shi gaba inda mai ka gangarowa da kansa.

Injiniya: Na goyi bayan Baba, da ƙari ɗaya. Ko gaba ko baya, abin da za ka fara saya agogo biyu ne: na matsin iska, da na zafin hayaƙi. Allurar na zafin a huda manifol a sa ta kusa da inji. In ka sa ta can baya kusa da turbo ƙarya za ta yi maka, ta nuna sanyi alhali fistin na dahuwa. Alminiyom na narkewa a digiri 660. Fistin ba ya kai zafin hayaƙin saboda mai da ruwa na sanyaya shi, amma ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada allura ta zauna sama da 650 zuwa 700 a dogon hawa. In ta doshi can, ɗaga ƙafa, sauke giya. Ka sa agogon tun yanzu kafin turbo, ka yi lodinka ka bi hanyar Koko, ka ga inda take kaiwa. Bayan turbo sai ka san ko ka ci riba. Sukurun ƙara gas na jikin famfo kuma kada kowa ya taɓa shi sai agogo na aiki, kuma kaɗan-kaɗan, ɗaya bisa takwas na zagaye, a gwada, a sake.

Direban Aliero: Ni dai har yanzu ina son in ji kukan turbo daga bayan Hilux a tashar Aliero. In babu mai yi, ranar da na samu tawa zan yi.

Hajiya Mai Shinkafa: In ka samu taka. Ta mai gidanka dai ka bar ta yadda take.

Mai Walda Argungu: Duk wanda zai yi na bayan, don na san wani zai karanta ya yi a ɓoye, ga nawa. Fayif ɗin hayaƙi daga manifol zuwa turbo kada ya fi na asali faɗi, kuma kada ya yi yoyo ko na allura, duk abin da ya fita ƙarfi ne ya zube. A sa mahaɗa mai lanƙwasuwa a tsakani, domin inji na rawa shasi ba ya yi. A naɗe shi da ƙyallen gilashi na salansa, ban da tsohuwar igiyar asbesto, ƙurarta na lalata huhu. Bayan walda a kwankwashe fayif a wanke cikinsa tas, ƙwayar walda ɗaya in ta ɓalle ta isa ta cinye haƙoran farfela. Bakin fayif ɗin iska a yi masa ɗan tudu da walda kafin a sa tiyo, in ba haka ba matsi zai tuɓe shi ko da kilif biyu. Faranti tsakanin turbo da tankin gas da layin birki. Kuma in an tsaya bayan doguwar tafiya a bar inji ya yi silo minti biyu kafin a kashe.

Ɗan Kalgo: Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda na tsaya. Gobe in Allah ya kai mu zan kai wa Baba motar a duba nozul da taimin. Agogo biyun zan yi oda. Oga Mai Walda, zan turo maka hoton cikin bonet ta ɓangaren salansa ka ga ko gajeren fayif ɗin da ka ce zai sami wuri. Alhaji Ɗan Kamba, don Allah in yaronka zai shiga Ƙofar Ruwa ya tambayo min manifol ɗin 2L-T shi kaɗai, ban da turbo.

Ɗan Kamba: Laraba zai tafi. Turo min hoton bakin turbonka, ka ɗora ma'auni a kai in ga tazarar ramukan ƙusa.

Mai Walda Argungu: Hoto ba ya nuna zurfi. Ka shigo da ita Argungu ranar da ba ka da lodi, ka taho da turbon a hannu mu gwada shi a wurin. Ka zo da safe kafin a ɗauke wuta.

Rewaya Jega: Direba, in da gaske kake, famfon ka fara nema. In ka same shi ka kawo in gwada shi da man da aka tafasa a tukunya, awa ɗaya yana juyawa, sannan mu yi maganar sauran.